Lamba Ashirin da Bakwai

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa dole ce, na gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Sau bakwai na kira ka ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Ka san yadda muke aiki a shagon ɗinkina. Kowace mace da lambarta, mu rubuta da alli a gefen yadinta, mu buga a kwamfuta, awonta ya fito. Na ce ka haɗa min jerin awon tsohon shago da na sabo wuri ɗaya, ka ce aikin minti biyar ne, kana ta hura hanci. Jiya na buga ashirin da bakwai, lambar Malama, wadda nake yi wa ɗinki shekara goma sha ɗaya, na sa almakashi. Da na ɗaga rigar, ƙirjin ya gaza da inci huɗu. Awon wata ne!

Yadin nan na marigayiyar mahaifiyarta ne. Shekara ashirin yana cikin akwati, babu irinsa a kasuwa. Ka faɗa min abin da ka yi.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina fatan ke da yara kuna lafiya. Ina ɗakin taro ne lokacin da kika kira.

Ni dai na duba aikina. Na buɗe mata biyar, kowacce da kafaɗarta da ƙugunta da tsayinta, babu abin da ya ɓace. Kuma kada ki manta, ke kika sa na cire sunaye daga allon kwamfutar, wai mata ba sa son a ga faɗin ƙugunsu kusa da sunansu. Da sunan yana nan, da kin gane. Sannan shekara goma sha ɗaya kina auna mace, inci huɗu ya wuce ki? A yi haƙuri, amma gaskiya ce.

Ƙaninki.

Auta,

Salamun alaikum, a taƙaice.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango nawa. Na yarda da injinka ne saboda na yarda da kai, sakarai! Ni na goye ka, yau kai za ka koya min awo? Na buga lambobi goma yau, duk goman ƙarya. Na tsayar da yanka, kekuna huɗu suna zaune, teloli suna kallona. Malama za ta zo gwaji ranar Laraba, ban san da wane baki zan yi mata magana ba.

Kada ka sake rubuto min sai da amsa.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Na gano, kuma laifina ne.

Jerinki jeri ne cikin jeri. A waje lambar mace, a ciki awonta. Umarnin kwamfutar da na haɗa jerin biyu da shi ba ya taɓa abin da aka yi wa suna da kalma, kamar kafaɗa da ƙugu, shi ya sa na ga ciki lafiya lau. Amma lambobin waje zubar da su yake yi, ya sake ƙirga daga sifili. Kowace mace ta gusa daga wurinta, ashirin da bakwai ta ɗauki awon ashirin da takwas. Na leƙa ciki, ban kalli waje ba.

Na sake haɗawa daga tsohon kwafin, kowacce da lambarta ta asali, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗari uku da sha biyu. Wannan na iya gyarawa. Yadin ban iya ba. Maganar da na faɗa miki kuwa, kunyarta nake ji. Ki bar ni in zo Laraba in tsaya gabanta.

Ƙaninki.

Auta,

Na gaishe ka. Kada ka zo, ta riga ta zo.

Na so ta zage ni, ba ta yi ba. Ta shafa yadin, ta ce in tattara mata har ƙyallayen. Na durƙusa ƙarƙashin tebur ina tsince su gaban telolina, ita tana tsaye da jaka a buɗe. Ta ce sai anjima kawai, ba ta ce za ta sake kawo ɗinki ba.

Ka bar ashirin da bakwai yadda take. Kada a ba kowa.

Yayarka.