Layukan Fensir a Bangon Ɗakin Inna

Talata. Aikin farko: ɗuma wa Inna ruwa, shimfiɗa tabarma biyu.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya raba ku da ciwo. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina ta warke daga mura ta koma kan kekenta na ɗinki, Auta kuma ta zubar da haƙoran gaba biyu tana bin kowa tana nuna masa giɓi. Ki yi haƙuri da layin da ke can sama. Hannuna ne ya saba da littafin ayyukan yini, sai da na rubuta na tuna takardarki ce a gabana. Na so in yage, sai na ga ai a kan tabarmin nan biyu maganar take.

Yaya, na karanta saƙonki sau uku. Kin ce kin gyara ɗaki, ƙarshen wata za ki zo ki tafi da Inna, tunda wata huɗu ke nan da faɗuwarta a banɗaki kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa. Ban manta alkawarinmu ba: in wata ya ƙare ba ta iya sa riga da kanta ba, ta koma wurinki inda kike gida duk yini. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wasiƙata ta baya na ce miki tana samun sauƙi. A lokacin ba ta samu ba, kuma ina jin ni ne sanadi.

Ga yadda aka yi. Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke duba ta a asibiti ta ce ƙashi ya ɗinke tuni, abin da ya rage tsoro ne, jiki ya ɗaure kansa don gudun zafi. Ta koya mana wani motsa jiki mai taushi da ake kira yoga. Mutum ya kwanta, ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake shi, ya bi jikinsa da hankali ya ji inda ya ƙulle, sannan ya miƙa hannu iyakar inda ba zafi. Inna ta raɗa wa matar suna Sannu-Sannu, ta ce miƙar da kyanwa ke yi kyauta kowace safiya ce aka yi wa suna don a kai mutane asibiti.

To kin san halin ƙaninki. Shekara goma sha bakwai ina bin gidaje ina karanta mitar ruwa, abin da ban rubuta lambarsa ba, a wurina bai faru ba. Na ari tef ɗin awo na mai ɗakina, na fere fensir. Kullum da safe in tsaya a kan Inna da agogo ina ƙirga mata numfashi, huɗu ciki, shida waje, in ta yi biyar in ce a sake. In mun gama in tsayar da ita jikin bangon nan na bakin ƙofarta, inda take auna tsawonmu muna yara, ta ɗaga hannu, in ja layi in sa kwanan wata. Sati uku hannunta bai wuce layina na shekara tara ba, ranar Alhamis ɗaya ma ƙasa ya yi. Ta daina tsokanata. Da ta ji ƙarar silifas ɗina sai ta ƙanƙame hannun a ƙirji. Mai ɗakina ta ce in na shiga ɗakin kamar wanda aka turo yanke ruwa nake. Na ji haushi, na rubuta maganar a littafi, ban gane ta ba.

Ranar komawa asibiti na miƙa wa Sannu-Sannu littafin ina jiran yabo. Ta buɗe, ta yaba kyan rubutuna, ta rufe, ta jefa shi a aljihun teburinta. Sai ta zagayo ta danna mini kafaɗa da yatsa biyu, na yi zumbur kamar an tsikare ni da allura. Ta dubi Inna ta tambaye ta wai a cikinmu wane ne ya faɗi a banɗaki. Rabon da in ji Inna ta yi irin wannan dariya tun kafin ciwon. Hukuncin da aka yanke mini shi ne tabarma biyu, ba agogo, ba tef, bango kuma a bar shi ya huta.

Yaya, ashe shekaru ina yawo da haƙora a cije ban sani ba. Ranar farko da na kwanta kusa da ita, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Na fara ƙirga a zuci, na kama kaina, na bari, na sake kama kaina. Can dai na ji ƙarar firji, da tsintsiyar maƙwabciya, da numfashin Inna yana tafiya a nasa lokacin, ba huɗu ba shida. Na ji kafaɗuna sun sauko daga wajen kunnuwa sun taɓa tabarma. Rana ta uku barci ya sace ni har na makara aiki. Inna ta ce da gangan ta ƙyale ni, wai tun ina jinjiri ba ta ga na yi abu ba tare da na duba lokaci ba, kuma minsharina ya fi ƙirgata daɗin bi.

A kan tabarmar ne, idonta na kan rufi, ta faɗa mini abin da ya sa na ɗauki biro yau. Ta ce, "Akawu, ba kafaɗar nake tsoro ba, fensirinka nake tsoro. Duk layin da ka ja, sai in ji hanya kake auna mini." Ba gudunki take yi ba, Yaya, kullum sai ta sa miki albarka. Amma tana son tagarta, da tukwanen shukarta, da maƙwabciyar da suke musu a kan kowane abu shekara talatin. Na dai ci gaba da numfashi, don shi kaɗai aka koya mini.

Jiya na dawo daga aiki na tarar da sabon layi a bangon, karkatacce, ba kwanan wata. Yana sama kaɗan da naki na shekara goma sha biyar, na ƙarshen da ta ja miki kafin ki tafi makarantar kwana. Da na tambaya ta ce ƙila ƙadangare ne ya shiga makaranta. Daga baya ta amsa cewa ta miƙa hannu ne ta ɗauko mabuɗi daga ƙusa, sai da ya zo tafinta ta tuna da wane hannu ta ɗauko, shi ne ta ja layin da kanta. Tef yana aljihuna, sau biyu hannuna ya kai kansa, amma ban fito da shi ba.

Ba zan sake yi miki ƙarya ba: har yanzu ba ta sa riga ita kaɗai, sai an taimaka mata da hannun dama. In alkawari za a bi, ke ce da gaskiya. Kuma na tambayi kaina ko don ita nake wannan roƙo ko don ni, ban samu amsa mai tsabta ba. Duk da haka ina roƙon ki ƙara mana wata biyu, sannu ba ta hana zuwa. Ki zo ƙarshen watan yadda kika shirya, amma da ƙaramar jaka, ki kwana uku ki gani da idonki, sannan ki yanke. Abin da kika ce shi za a yi. Inna ta ce a tanadar miki tabarma, wai ke ma tun kina yarinya kafaɗunki a sama suke kamar mai ɗauke da bokiti biyu.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'Yan Biyu, da takwarana, a ce masa ya rage gudu da keke. Inna, da mai ɗakina, da Auta mai giɓi duk suna gaishe ki. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki ƙanin,
Akawu

Na gobe, waɗanda ban gama ba:
Kai wannan takarda gidan waya.
Gyara famfon banɗaki, sa abin riƙewa a bango.
Mayar wa mai ɗakina tef ɗinta.
Sayo tabarma ta uku.
Goge layukana na sati uku. Na Inna a bar shi.