Salansar da Ta Tafi Kano

Daren Laraba, garin Bowie, ƙasar waje

Daga asibiti na wuce wurin dillalin babura na ɗauko maigidana Abban Hanifa, ya shigo mota ko sannu babu.

Injin babur ɗinsa ya lalace, kuma sun ce garanti ba zai biya ba, wai salansar da ya canza ce ta jawo. Ga takardar ɗan sandan ranar Juma'a: ya mayar da ta asali ko ya sha tara. Tun ranar da ya ɗaura mai ƙarar nan na ce masa, "Abban Hanifa, nan fa ba Kano ba ce." Ya ce ƙarar ce ke sa masu mota su san da shi.

A hanya na ce, "To, a mayar da tsohuwar mana." Ashe tana cikin kwantenar da muka aika gida Kano, tsarabar ƙaninsa Sani. Ni da hannuna na naɗe ta da tsohon zani, ban ma tambayi mece ce ba.

Ɗazu Sani ya turo saƙon murya yana ta sa albarka. Wai tunda ya ɗaura ta a babur ɗinsa, ko da asuba ya fita, ba ya tashin kowa.