Kwat Ɗin Yaya a Hannun Masu Bugu

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Kaduna, yaya su Gwaggo da yara? Mu nan Gwaram duk lafiya lau.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Baƙin kwat ɗin da ka ce a aiko maka don intabiyu a ofishin lauyoyi ya lalace. Inna ta ce ɗanta ba zai tsaya gaban manya da tufa ba ƙyalli ba, sai ta kai shi wurin masu bugu kamar babbar rigar Baba. Kafaɗun sun kwanta, maɓallai biyu sun fashe, yana ta walƙiya kamar shadda. Farar shat ɗin kuma ta sha shuni. Ina wurin, na so in yi magana, kunyar Kawu, wanda shi ne mai bugun, ta hana ni.

Don Allah ka ari wani kwat da ya yi maka daidai kafin Litinin. Inna tana ta murna, har maƙwabta ta nuna wa. In ka rubuto, ka ce mata ya yi kyau.

A gaida Gwaggo, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza