Tsagar Bangon Gabas

Bodinga, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau hannuna ya shige tsagar bangon ɗakinmu har wuyan hannu. Makon jiya yatsa kaɗai ke shiga. Asabe ta gan ni ina kakkaɓe ƙasa, ta ce, "Baban Nana, ka gaya ma Alhaji a yi yaɓe tun bai faɗo muna ba." Na ci gaba da kakkaɓe hannuna.

Na san halin Alhaji mai gidan nan. Bara ya ce wa Mamman mai faci su fita a gyara musu ɗaki. Da aka shafe shi da siminti sai ya ƙara haya, ya sa wani. Yanzu Mamman a rumfarsa yake kwana, iyalinsa na Danchadi wurin surukai.

Da na taso daga ɗinki na bi ta gidajen da gwamnati ta ce ta gina don irinmu. Tun kafin azumi aka gama su, fenti sai ƙyalli, kowace ƙofa da kwaɗo. Mai gadi ya ce manya ake jira su zo buɗewa, ba a sa rana ba. Awaki na gani kwance a baranda abinsu.

Ga hadari ya haɗo, iska ta taso. Na jawo tabarmar yara bakin ƙofa, na zare sakata. Nana ta farka ta ce, "Baba, mi ya sa muke kwana nan?" Na ce zafi ya yi yawa ciki. Ga ta nan tana rawar ɗari.

Ya Allah, riƙe mana bangon nan zuwa asuba.