Hannun Hagu Zalla

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya bayan naka, da sauƙi? A gaida Inna.

Saƙonka ya iso, wai in aiko maka kujera mai taushi tunda a kamfanin kujeru nake. Baba, wallahi ban taɓa ganin cikakkiyar kujera a nan ba! Mu hannun kujera kawai muke yi. Ƙafafu da soso a wasu ƙasashen ake yin su, a haɗa a wani wurin daban.

Makon jiya aka dawo mana da kwantena guda daga tsallaken teku, hannun hagu ne zalla a ciki. Ƙanin matar manaja ne ya yi lodin, don haka ba wanda ya yi laifi. Mu aka sa kwance kwalaye har yatsuna suka yi kanta. Da na yi magana, manaja ya ce bakina ya fi hannuna sauri.

Lafiyata ƙalau, kada Inna ta damu. Ƙafa ce ke ɗan kumbura, don a tsaye muke wuni.

Kujerarka sai na dawo in saya maka a kasuwa. Amma ka yi haƙuri, ni zan fara zama.

'Yarka