Maigida Ya Auna Hoton Asibiti Da Tef

Baba, ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Mijina tela ne, shekara talatin yana kan keke. Bara aka gano ciwon daji a huhunsa. Wata uku ke nan da aka sa shi kan wani magani da ake ba shi ta ƙarin ruwa, wanda suka ce ba shi ke kashe cutar ba, garkuwar jiki yake tasarwa ta yi yaƙin. Kuma wallahi mun ga sauƙi. Tarin ya ragu, yana cinye kwanonsa tas, har ya koma shago yana faɗa da masu kawo ɗinki a ƙurarren lokaci, kamar da.

Sai ga hoton huhun da aka yi masa makon jiya. Takardar mai karanta hoto ta ce ƙullutun da ke huhun ya ƙaru, daga santimita uku zuwa uku da rabi. Likitarmu ta duba takarda, ta dubi mutumin, ta ce a ci gaba da magani, a sake hoto bayan sati shida, wai irin wannan magani yakan sa abu ya kumbura a hoto. A tsaye ta faɗa, ga layi a bayanmu. Kafin in haɗa tambaya an kira na gaba.

Muna isa gida ya manna tsohon hoto da sabo a gilashin taga, ya zaro tef daga wuyansa ya auna. Sau uku. Ya ce tef bai taɓa yi masa ƙarya ba. Wai kuma shi za a ce wa ya dawo bayan sati shida, shi da ya tsufa yana sallamar mutane da wannan magana in ɗinki ya lalace? Yanzu ya rantse ba zai koma ƙarin ruwan ranar Talata ba. Yayarsa ta goya masa baya, tana cewa ina wahalar mata da ƙani. Na yi lallashi, na yi kuka, yau kwana biyu ko sannu ba ta haɗa mu. Na gaji, Baba. Takarda zan gaskata, ko likita, ko idona? Ko ɓoye mana ake yi?

Matar tela

'Yata, sannu da jinya.

Ni ba likita ba ne, allura ma sai an riƙe ni. Don haka na kai wasiƙarki wurin wata likitar ciwon daji, na zauna ta warware min zare da abawa.

Hoto inuwa yake nunawa, ba ya faɗin wa ke cikinta. In kika hango cincirindo a ƙofar gida daga nesa, ba ki sani ba ko ɓarayi ne suka ƙaru ko maƙwabta ne suka rufe su da duka. Maganin nan yakan sa sojojin jiki su yi dafifi a kan ƙullutun, sai ya fito a hoto kamar ya girma. Amma ba zan shafa miki zuma a baki ba. Hakan ba kullum yake faruwa ba, sau da yawa girman na gaske ne. Abin da ke bambanta su shi ne hoto na gaba da kuma yadda jikin mutum yake. Ina zaton likitarku ba ɓoye take yi ba, ita ma jira take ta gani, kuma mutumin da ke cinye kwanonsa ya ba ta dalilin jira. Laifinta ɗaya, magana mai nauyi haka ba a yin ta a tsaye.

Maigida kuwa, kada ki yi musun awo da shi, takarda ma tana bayansa. Ba taurin kai ba ne zalla, tsoro ne ya sa rigar taurin kai. Yayarsa ma haka.

Ki nemi ganin likita kafin Talata, ku je ku uku har da yaya, a zaune. Shi zai yi tambayoyin da bakinsa. Shin mai karanta hoton ya san irin maganin da ake ba shi? In hoton da za a sake ya nuna ƙari, mene ne mataki na gaba? Waɗanne alamu ne za su sa ku dawo ba jira? In numfashi ya yi masa wuya, ko tari ya tsananta, ko zawo ya kama shi, ku tafi asibiti ranar.

Jikinsa ne, hukunci nasa ne, amma ya yanke shi bayan ya ji da kunnensa. Ke kuma ki janye gabar nan yau, don in mai jinya da majinyaci suka daina magana, cuta ce ke cin riba. Ki zauna kusa da shi ki ce ke ma tsoro kike ji. Ba ki nemi ya yarda ya warke ba, rakiya kawai kike roƙo zuwa ɗakin likita.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ƙara miki juriya.