Keken Sassaƙarka Bai Bar Gidan Nan Ba

Zuwa ga maigidana, Baban Hajara.

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fata kabari ya yi maka sanyi. Na fita takaba, kuma akwai maganar da ba zan riƙe a ciki ba. Mutanen Zangon Ankara ma su ji, ban damu ba.

Ka tuna ranar da ka kawo keken sassaƙar nan daga wurin kafintocin unguwar Osu, ka kafa shi a zaure? Kai ka koya mini kula da shi. A shafa wa ƙarfen man kaɗanya saboda iskar teku, a duba ɗinkin igiyar fatar da ke juya shi, a danne ƙusar da ke riƙe itace. Gurbin igiyar biyu ne, babba mai juya keken a hankali da ƙarami mai sauri. Kullum kana cewa, "Babban gungume a babban gurbi, ya juya a hankali. Ƙaramin gurbi na 'ya'yan carbi ne."

Tanko, wanda ka ɗauko daga dako ka mai da shi abokin aiki, ya ji wannan magana har ta ishe shi. Ranar da abin ya faru ka sa shi ya danne ƙusar, bai danne ba. Yana saurin gama ƙafar gadon wani attajiri, sai ya mai da igiyar ƙaramin gurbi, ya taka da ƙarfi. Kai kuwa ka sunkuya za ka ɗauki kurfin sassaƙa, gungumen ya ƙwace ya same ka a ƙirji. Ina bakin ƙofa da ƙwaryar koko a hannu, da idona na gani.

A zaman makoki ya fi kowa kuka. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Ƙaddara ce, keken bai da laifi, ni ma ban da laifi." Na danne zuciyata, don mai takaba ba ta tanka wa maza.

Ina fitowa daga takaba sai ga shi ya turo liman da dattawa, wai yana so ya riƙe ni da Hajara, ya riƙe sana'ar. Ji rashin kunya. Ai ba ni yake so ba, zaure yake so.

Na ce su zo da shi. Na fito da gungumen nan, wanda na ɓoye a ƙarƙashin gado, na ɗora shi yadda ya ɗora, igiya a ƙaramin gurbi, ƙusa a sake. Na ce tunda ba shi da laifi, ya tsaya inda ka tsaya, ni zan taka. Idan ya tsaya, keken nasa ne, ni ma tasa ce.

Baban Hajara, da ka gan shi. Ya dubi gungumen, ya dubi liman, ya nemi takalmansa. Tun daga ranar babu wanda ya sake gayyatarsa cin abinci.

Na ɗinke igiyar da sabuwar fata, maƙeri ya gyara ƙusar. Yanzu ni ke taka keken, ina fitar da 'ya'yan carbi. Hannuna bai kai naka ba, wani lokaci sai in juya in tambaye ka, in tarar babu kowa. Ina kewarka ƙwarai.

Ɗakin Tanko bango ɗaya ne da zauren. Matarsa ta ce ƙarar keken tana hana shi sakewa, wai in yafe. Na ce ban yafe ba.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a Aljanna. Shi kuma Tanko, Allah ya ja kwanansa, ya bar masa kunnuwansa lafiya lau, don kowace safiya zan taka.

Ni ce matarka,
Uwar Hajara.